Sunan da Ke Kan Takardar Gona

Gachanja ɗan kawuna ne, abokin wasana, kuma Mai Shari'a nake kiransa. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana masinja a kotun garinmu, yana kai fayil daga wannan tebur zuwa wancan. Na rantse, fayilolin da ya ɗauka in aka jera su sai Dutsen Kenya ya ji kunya. Ni a aji huɗu na tsere daga makaranta, shi ya kai bakwai, don haka ya mai da ni ɗalibinsa na dole.

"Kai jahili, saurara," haka yake farawa. "Doka ba ta san fuskar kowa ba. Da minista da mai kiwon awaki, layi ɗaya. Abin da aka rubuta shi ne magana."

Ni kuma in ce, "To ranka ya daɗe, a rubuta cewa shayin yau kai za ka saya."

Gonar kakanmu tana kan gangare, kofi a sama, masara da wake a ƙasa. Lokacin da masu awo suka zo yi wa filaye rajista, an yi yadda kowane gida ya yi: aka sa sunan babban ɗa, Kawu Mbugua, ya riƙe wa ƙannensa amana. Ba a rubuta amanar ba. Wa zai nemi takarda a hannun yayansa? Mbugua ya riƙe har ya mutu. Ƙanin Mbugua ne mahaifin Gachanja. A ɓangarensa na gonar aka haifi Gachanja, a nan ya yi ɗaki, a nan ya binne mahaifiyarsa.

Sai Kimotho, ɗan Mbugua, wanda ke Nairobi, ya gaji takardar, ya sayar da gonar kaf ga wani mai noman fiya.

Dattawa suka ce a yanka akuya a zauna, su za su matsa wa Kimotho ya warware cinikin tun mai saye bai kafa shinge ba. Gachanja ya ƙi.

"Zamanin akuya ya wuce. Ina da kotu."

"Mai Shari'a," na ce, "ko don naman ka yarda mana!"

Bai yi dariya ba. Ya goge tsohuwar kwat ɗinsa ta aiki, ya shigar da ƙara. Dattawa suka ji haushi, suka janye hannu.

Shekara bakwai ana ɗagewa. Shaidunsa uku ne, tsofaffin da suka ga ranar awo. Biyu suka mutu, na ukun ya rikice har yana gaida sandarsa da safe. Ranar hukunci na raka shi. Alƙaliyar sabuwa ce, yarinya, ba ta taɓa ganinsa ba. Ta ce mai saye ya duba rajista, ya ga suna ɗaya, ya saya da zuciya ɗaya, kuma ba a kawo mata abin da ya tabbatar da amana ba. Wata uku ta ba Gachanja ya tashi.

Gachanja ya miƙe, ya rusuna mata kamar yadda ya saba, ya fita.

A waje na kama hannunsa. "Wallahi an ba ta wani abu. Ka ce an ba ta, ka zage ta, ka ji sanyi!"

"Ba a ba ta komai ba, Nduati," ya ce da ni. "Ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Da ni ne a kujerar, abin da zan faɗa ke nan."

Da ma cin hanci ne, da mun sami wanda za mu tsine wa.

Yanzu yana zaune a ɗakin bayan rumfar shayina. An sare kofin, an dasa fiya, an zagaye da waya. Kabarin mahaifiyarsa yana ciki, taku ashirin daga shingen. Maigadin gonar mutumin kirki ne, ya ce ya riƙa shiga ta baya, ba wanda zai sani. Gachanja ya ce ba zai taka filin wani ba sai da izini a rubuce. Ya aika wa mai gonar wasiƙa sau huɗu, ba amsa.

Kowace Lahadi yakan sa kwat ɗin, ya je ya tsaya a bakin waya, yana kallon ciyawa tana cinye kabarin. Makon jiya na bi shi.

"Mai Shari'a, tsallaka mana. Ni zan ba da shaida ban gan ka ba."

Ko juyowa bai yi ba.

"Ka daina kirana da sunan nan," ya ce.

Na daina.