Katin Garaɓasa da Rigar Surukina

Ko da tsufa zai kwashe min komai daga kai, ba na jin zai iya ɗauke abin da ya same ni a shekarar da Babbar Sallah da Kirsimeti suka faɗo mako ɗaya. A lokacin ina ɗinki a Jega, a wani layi mai 'yan shaguna: ni, da mai aski, da mai wankin hula, sai abokina mai ɗaukar bidiyon biki, wanda bango ɗaya ya raba mu.

Wutar gari ba abin dogaro ba ce, don haka dukkanmu a jikin ɗan janaretan wani dattijo muke, muna kiransa Baba mai wuta. Baba ba shi da mita, da ido yake awo. Abin da ya ga yana haske ko yana juyawa, shi ne mai shan wuta. Abin da ya yi shiru, barci yake. Kuma dokarsa ɗaya ce: duk wanda ya jona abin da ya sa injin nishi, za a naɗe masa wayarsa a miƙa masa a gaban jama'a. Mu ma duk haka muka ɗauka, don keken surfanina sai na taka yake cin wuta.

A shekarar ne aka sa min rana da wata yarinya a Maiyama. Ni kuwa da rawar kai irin ta mai neman aure, na je har gaban mahaifinta na ce kada ya sayi komai, babbar rigar da zai hau Idi da ita tana wuyana, da aiki har ciki. Bawan Allah ya yi ta sa min albarka, ya kuma bi majalisa yana faɗa wa tsaransa. Wa ya aike ni!

Ana saura kwanaki kaɗan Sallah abokina ya dawo daga Sakkwato da kwali a hammata, bakin nan har kunne. Wai wani ɗan kasuwa ne zai tafi gida Kirsimeti, ya karya farashin kayan shagonsa, shi kuwa ya faɗa garaɓasa. Ya buɗe muka leƙa. Wani faranti ne kore mai fanka a jiki, wai katin hoto, ana soka shi a cikin kwamfuta don ta riƙa haɗa bidiyo da sauri.

"Wanga abu," in ji shi, "ko Birnin Kebbi ba mai irinai. Amarya za ta hito cikin hure ta koma cikin tauraro."

Na ce masa, "To in da kirki gare shi, mi ya sa anka bar ma shi da araha?"

Ya ce hassada ce ke damuna. Mai kayan ya kuma ja masa kunne cewa yawan kashewa da kunnawa na gajiyar da katin, don haka sai ya riƙa kashe allon kwamfutar kawai, ya bar akwatinta a kunne muddin akwai wuta.

Tun daga ranar injin Baba ya fara nishi. Da na taka keke sai fitilu su yi ja, askar lantarkin mai aski ta tsaya a tsakiyar kan mutum, injin ya yi tari ya mutu. Baba ya zagaya shago shago. Ya leƙa wajen abokina ya ga allo baƙi ƙirin, ya wuce. Ya zo wajena ya ga tulin kayan Sallah a goge sumul, sai ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Yaro, ina ka ɓoye dutsen guga na wuta?"

Na nuna masa na gawayi, da tokarsa da zafinsa. Ya ce wannan na nuna wa baƙi ne. Na rantse, na kira shaidu, mai aski ya sunkuyar da kai kamar bai taɓa ganina ba. Baba ya ce shi dai abin da ya sani, da na taka injin ke mutuwa. Ya hau benci ya cire wayata, ya naɗe ta tsaf, ya ɗora min a kan teburin yanka. Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba, ga masu kaya a tsaye suna kallo, ga rigar surukina an yi aikin aljihu an bar wuya fayau.

Na ɗauki rigar na zagaye Jega, na hau mota har Aliero, wajen wani tsohon maigidana. Ya dube ni ya yi dariya, ya ce a makon Sallah ko kabarin ubansa ne ya tsage sai bayan Idi zai ɗinke. Na dawo na zauna ina ɗinkin ƙafa, ina kallon rigar a rataye. Da aka cire ni kuwa injin ya ɗan samu sauƙi, Baba ya riƙa wucewa ta ƙofata yana gyaran murya.

Ranar jajibere da hantsi na je karɓar hulata wajen mai wanki, aka ce yana shagon mai bidiyo. Na shiga. Abokina ya tafi ɗaukar wani biki a Danwarai, allo a kashe, ba mai taɓa komai. Amma ga mai wankin hula a tsugune bayan akwatin, ya jera huluna a kan gunguma yana jujjuya su.

"Mi kaka yi nan?"

"Shanya," in ji shi. "Sanyin ga ba ya bari su bushe. Nan ko, kai, sa hannunka ka ji. Tun ran da anka kawo abin ga nika shanya nan."

Na sa hannu. Iska ce ke fitowa mai zafi kamar bakin tanda. Ni da nake hura gawayi kullum kafin dutse ya ɗauki zafi, na san zafi ba ya zuwa kyauta. Ban san lokacin da na fita a guje ba, na janyo Baba da hannun riga, abin da ban taɓa yi wa babba ba. Ya ce abin da ke barci ba ya cin wuta. Na ce, "Baba, jakin da ad ɗaure ba ya cin hatsi?" Na fizge wayar akwatin daga bango. Nan take muryar injin ta sauka, fitilar mai aski ta yi fari tas, har shi da kansa ya leƙo.

Baba ya daɗe yana shafa bayan akwatin. Bai ba ni haƙuri ba, irinsu ba sa yi. Ya dai hau benci ya mayar min da wayata, ya ce daga yau kwamfutar nan dutsen guga ce, kuma mai wankin hula ma ya shiga lissafi. Da abokina ya dawo ya ji, buɗar bakinsa sai cewa ya yi ai duk da haka ya samu araha.

Na hau keke kamar mahaukaci, amma aikin wuyan babbar riga ba ya jin rarrashi. Sai bayan an sauko Idi na isa Maiyama da ita a leda. Na tarar da surukina a ƙofar gida cikin tsohuwar rigarsa mai faci a kafaɗa, tsaransa na zaune kewaye da shi. Ya karɓa, ya buɗe, ya duba aikin, ya ninke a hankali.

"Ta yi kyau, ɗana. Allah shi kai mu ta baɗi."

Da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Auren dai an yi, har mun aurar da 'ya'ya, amma har ya koma ga Allah telan baɗi yake kirana, kuma jikokinsa sun gada.

Abin da na koya shi ne, araha ba ta ƙarewa a wajen ciniki, sau da yawa maƙwabci ne ke cika sauran. Yanzu ko na'ura ce ko mutum, ba na tambayar me yake yi idan yana aiki, sai na fara tambayar me yake ci idan yana zaune. In kuwa na ga abu ya yi shiru a kusurwa kowa na cewa barci yake, sai na zagaya na taɓa bayansa.