Ba shiru gare ka ba, Kawu Gado

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Fabrairu 1995, cikin azumi, Allah Ya karɓi ran kawuna Gado na Jiratawa a asibitin Maraɗi. Likita ya ce hawan jini ne, kuma ba zan ƙara kome a kan maganar likita ba.

Kawu, kai ka riƙe ni bayan rasuwar mahaifina. Duk sa'ad da yajin aiki ya rufe jami'a na dawo daga Yamai, kai ne ke hana ni watsar da karatu. Da albasar gonarka na gama.

Kowa ya san kana da in'ina. Kaɗan ne suka san yadda kake bi da ita. Kunnenka ne jagoranka. Idan ana karatu baki ɗaya, harshenka ba ya sarƙewa. Idan magana mai nauyi ce, sai ka tsara ta a gida, matarka Inna Saudatu ta riƙe. Ranar faɗa ta tsaya gefenka tana furtawa ƙasa-ƙasa, kai kuma ka saurari tafiyar muryarta ka ɗora taka. Haka ka nema wa ɗanka Jibo aure a Tibiri, ba ka tsaya ko sau ɗaya ba. Kakan yi dariya ka ce ita ce kanal ɗin ban-ruwa, kai ne ruwan.

Bara aka zarge ka da buɗe wa gonarka ruwan kanal ba ranar rabonka ba. Ban halarci zaman komitin rabon ruwa ba, amma na tambayi mutum biyu daban-daban, maganarsu ta zo ɗaya. Ka zo da Inna. Firzidan, wato shugaban komitin, ya ce a fitar da ita, wai tana sa maka magana a baki. Ta ce, "Alhaji, maganarsa ce, ni rakiya nake yi." Aka fitar da ita. Ka miƙe kai kaɗai, ka maƙale a kan "na". Wani ya kwaikwaye ka, aka yi dariya. Firzidan ya ƙarasa maka: "Na buɗe. To, ya amsa." Aka karɓe gonar, aka ba ɗan jam'iyyarsu.

A zamanin da kowa ke ihu a lasifika cewa yanzu bakin talaka ya buɗe, kai minti ɗaya aka kasa jiran ka.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ranar sadakar uku. Mutanen komitin nan suka zo, suka zauna a tabarmarka, suna yabon ka da cewa kai mutum ne mai shiru. Ba shiru gare ka ba. Ga abin da ka tsara, kamar yadda Inna ta maimaita mini: "Na kwana Tibiri wajen jana'izar Idirisa ranar da aka buɗe ruwan. Ku tambayi limaminsu." Na je na tambaye shi. Ya ce kai ka riƙe makara ta gaba.

Ina kira ga komiti da ya mayar wa Inna Saudatu da marayu gonarsu kafin shuka mai zuwa.

Allah Ya jiƙan ka, Kawu, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna makoma. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna Saudatu, da Jibo, da Atika, da dangi na Jiratawa da Tibiri. Allah Ya ba mu haƙuri. Ka tafi wurin Mai ji, wanda ba Ya katse bawa.