Hoton da Bai Shiga Littafina Ba

Shekarun baya, can tsakiyar shekarun tamanin, ina koyarwa a Barnawa ina kuma ji da kaina kamar wani shehin malami, na rubuta ɗan littafi a kan rayuwar ma'aikatan masaƙu. Lokacin Kakuri, unguwar masaƙun, na da rai. Jiniyar tashi daga aiki na kaɗawa sai kekuna su cika titi maƙil, Bahaushe da mutumin Binuwai da na Filato kowa na tsokanar kowa. Allah sarki zamani.

Hoton shafin farko kawai ya rage mini. Abokina mai hoto ya ba ni wani da ya taɓa ɗauka a ƙofar masaƙa: wata mata da kwanon abinci a ka tana dariya, wani mutum a gefenta riƙe da keke. Ina gani na ce shi ke nan. Amma mai ɗab'in, dattijo ne mai tsantseni, ya ce ba zai buga ba sai da izini. Na ce ai mai hoton ya yarda. Abokin nawa kuma, don ya ƙara mini aiki, ya ce fim ɗin nasa ne, fuskokin kuwa ba nasa ba ne. Raina ya ɓaci, amma haka na ari babur na yi ta cigiyar matar har Unguwar Boro.

Na same ta tana tsintar wake a tsakar gida. 'Yar Filato ce, Hausarta tas. Na miƙa mata hoton ina ta zuba, wai duk Arewa za ta san ta. Ashe ko saurarona ba ta yi. Mai keken nan mijinta ne, ya rasu bara waccan, kuma ba ta da hotonsa ko ɗaya. Ba ta ma san an ɗauki wannan ba. Ta daɗe tana shafa fuskarsa da yatsa.

"Malam, ka yi haƙuri," in ji ta. "Takarda ƙarshenta wajen mai ƙosai ne. Ba zan so a ƙunshe ƙosai da fuskarsa ba."

Na ce haba Mama, littafin bincike ne fa, ba jarida ba. Murmushi kawai ta yi. Sai na haƙura, na bar mata hoton, daga baya abokina ya aika mata da fim ɗin ma. Littafi ya fito da shafin farko ba hoto, sai sunana a sama. Na daɗe ina ƙunƙuni, ina ganin an rage mini kwalliya.

Bayan wasu shekaru na tsaya sayen ƙosai a bakin titin unguwarmu. Ina buɗe ƙunshin sai ga sunana. Shafin farkon littafina ne, kuma daidai gurbin da fuskar mijin matar nan za ta zauna, mai ya jiƙa shi sharkaf har kan sunana. Na yi dariya ni kaɗai har mai ƙosan ta tsargu.

Masaƙun sun daɗe da yin shiru, ban kuma sake ganin matar ba. Amma duk sanda ɗalibi ya tambaye ni wa ake neman izininsa kafin a buga abu, ita nake tunawa. Na gode wa Allah da sunana ne ya sha man nan, ba fuskarsa ba.