Tabarma da Buta a Jirgin Dammam

Saura kaɗan in bar wannan labari a ciki, don har yau 'yan ɗakinmu na unguwar Ulaisha a Riyad ba su daina yi mini tsiya a kansa ba.

Lokacin ana ta farke titunan Riyad za a sa jirgin cikin gari. A ɗakin namu akwai wani Badamagare, lebura, da ya yi shekaru yana haƙa ramin jirgin nan. Ni kuwa Bakano, kun ga tsokana ta zama dole. Ran Juma'a bayan la'asar, a kan shayi, nakan ba su tarihi: yadda jirgi ya fara a Ingila da jan kwal, mahayin doki na gabansa riƙe da tuta, yadda ya shiga Indiya da Masar, ya taɓa leƙa Madina, ya iso Kano ya kwashi gyaɗa.

Rannan sai ya ja ni gefe. Iƙamarsa, takardar izinin zama, ta ƙare, mako mai zuwa sai gida.

"Alhaji, duk ƙauyenmu an san aikin jirgi nake. Tsohuwata ce za ta fara tambayar yadda cikinsa yake. Ni kuwa rami kawai na gani."

Na ce, "Ashe da gafiya muke kwana. Shirya, jibi za mu Dammam a jirgin ƙasa."

Na shirya shi yadda na san jirgi, tun na Kano zuwa Ikko da na hau ina saurayi har na Sudan. Tabarma, buta, ƙuli-ƙuli. Na ce masa da jirgi ya tsaya ka wurga kaya ta taga ka kama wuri, kada ka ji kunyar kowa. Abinci kuwa, masu talla za su miƙo maka a kowace tasha.

Muka isa tasha ya naɗe hannun riga, ya shirya kokawa. Ma'aikaci ya dubi tabarmar, ya dube mu, ya nuna mana lambar kujerarmu. Babu wanda ya ture mu. Tagar ma ba ta buɗuwa.

Ga kujera mai laushi, ga sanyin na'ura, ga gajiyar shekaru. Ba mu fita gari ba mutumina ya hau minshari. Na zungure shi ya ga raƙuma, ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Muna da su."

A dawowa ya rantse ba zai runtsa ba. Ya kafa ido a taga: rairayi, rairayi, sai kuma rairayi.

"Wannan ai hanyar Agadas ce," in ji shi.

Ranar tafiyarsa yana ɗaure akwati, ya ɗago ya dube ni.

"Alhaji, tsakani da Allah, wanne zan ba tsohuwa? Wanda muka hau, ko naka mai shiga ta taga?"