Dakta Attahiru Na'Allah, Ɗan Fari Mai Zanen Hassada

An haifi Attahiru a garin Tambuwal cikin shekarar 1931. Mahaifinsa Malam Na'Allah manomi ne mai rufin asiri, mahaifiyarsa kuwa Kulu, 'yar asalin Kebbe ce. Shi ne ɗansu na fari, kuma bisa al'adar kunyar ɗan fari, da aka yaye shi sai aka miƙa shi ga kawunsa Bube a Kebbe. Har Malam Na'Allah ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa kiran sunan yaron ba, "wancan na Kebbe" kawai yake cewa. Ƙanensa Namadi kuwa a gefen tabarmar uban ya tashi, ana kiransa safe da yamma.

Karatunsa

Ya sauke Alƙur'ani a Kebbe, ya shiga elementare ta Tambuwal a 1940, sannan Midil ta Sakkwato a 1944. Daga nan ya wuce makarantar koyon aikin dabbobi ta Vom, inda ya ƙware wajen duba jinin shanu da madubin ƙara girma. Abokan karatunsa sun shaida cewa hazaƙarsa ba ta misaltuwa, sai dai duk ranar da ya zo na ɗaya ba ya fara'a, tambayarsa kawai ko labarin zai kai Tambuwal.

Aikinsa

A 1953 Gwamnatin Jihar Arewa ta ɗauke shi aikin binciken sammore, cutar da ƙudan tsando ke sa wa shanu. Da hannunsa yake zana ƙwayoyin cutar kamar yadda yake ganinsu a madubi, cikin da'ira, kuma a nan ya fara riƙe alƙalamin zane. An tura shi Ingila ƙaro ilimi a 1957, ya dawo da digiri a shekarar samun 'yancin kai.

A 1963 ya jagoranci ayarin rigakafin bushiya, annobar shanu, zuwa ƙasar Tambuwal. Malam Na'Allah ya yanka rago ya karɓi ayarin, ya gaisa da kowa da sunansa har direba, sannan ya juya ga Namadi, wanda a lokacin ɗinki yake yi a kasuwar Dogon Daji, ya ce, "Namadi nau, ka ce ma wanga ya shiga ya gai da uwatai." Kowa a wurin ya san kunya ce, kuma Attahiru ya fi kowa sani. Amma ina, sanin bai yi masa maganin komai ba. Ya yi hassadar ƙanensa, hassada mai tsanani, shi mai digiri yana jin zafin tela, kuma bai ɓoye wa kansa hakan ba.

Aure da iyali

Ya auri Ni'imatu 'yar kawunsa Bube a 1955, Allah ya azurta su da 'ya'ya biyar, ɗaya ta rasu tana ƙarama.

Barin kimiyya

A 1965 ya ajiye aiki, abin da ya girgiza manyansa a Kaduna, ya koma Kebbe ya gina ɗakin zane a bayan gida. Hujjarsa ita ce ya daɗe yana leƙa jinin dabbobi don gano abin da ke cin su, alhali abin da ke cin ɗan Adam ba a taɓa ɗora shi kan madubi ba. Bai zana fuskar kowa ba, saboda girmama fatawar malamai. Da shuni da jar ƙasa da lalle yake aiki, kowane zane cikin da'ira, ya ba shi sunan wani hali na zuciya: Fushi, Fargaba, Kewa. Fushi sau ɗaya ya zana shi ya wuce wurin. Hassada kuwa ya yi ta maimaita ta har ba a san adadi ba, kullum launi biyu maƙwabta, ɗaya yana cin gefen ɗaya. An baje ayyukansa a Kaduna a 1966, Turawa suka saya, mutanen Kebbe kuwa suka ce likita ya koma rini.

Rasuwar mahaifinsa

Malam Na'Allah ya rasu a 1971. Ranar addu'ar uku Namadi ya keɓe da wansa don ya sanyaya masa rai, ya shaida masa cewa babu matafiyin da ya taɓa fitowa daga Kebbe ko Kaduna face tsohon ya aike shi, shi Namadi, ya tambayo lafiyar "wancan", kuma sai ya sa a maimaita masa amsar. Attahiru ya ce, "Ko wannan ma kai aka faɗa ma." Daga ranar bai sake taka shagon Namadi ba, duk da cewa sukan haɗu a jana'iza da suna, su gaisa.

Ƙarshen rayuwarsa

Ganinsa ya raunana a 1984, ya daina zane, ya duƙufa ga ibada. Allah ya yi masa rasuwa ranar Laraba cikin watan Sha'aban na shekarar 1989 bayan gajeruwar jinya. Namadi ne ya yi masa wanka, aka yi masa salla bayan la'asar, aka binne shi a maƙabartar Kebbe. Allah ya gafarta masa kurakuransa. Ya bar matarsa Ni'imatu da 'ya'ya huɗu: Maryama, Ummu, Shaihu wanda ba ya rabuwa da shi a ɗakin zane, da kuma babbansu Sama'ilu, wanda ya tashi a Tambuwal hannun Namadi, kuma shi ma bai taɓa jin sunansa daga bakin mahaifinsa ba.