Faifan Mai Hoton Kpakungu

Na bar gida ƙarfe biyar da arba'in na asubahin Asabar, Baba yana zaune a kan dardumarsa. Na ce, "Baba, na tafi Minna haɗo maka kwamfutar." Hannu kawai ya ɗaga mini. Wata huɗu ke nan da rasuwar Innarmu Hajara, kuma tun daga sadakar bakwai ba wanda ya ji ya haɗa kalma uku. Mutumin da ya yi shekara talatin a aikin jirgin ƙasa, wanda in ya ɗauko labari sai tuwo ya huce! Shi ne mu 'ya'yansa muka ce a haɗa masa 'yar kwamfuta mai sauƙin kuɗi, ya riƙa jin karatu yana ganin jikokinsa na Kaduna, ko bakinsa ya buɗe. Da yake ni ce malamar makaranta, aka ce ni na san kan abin. Ban san komai ba, takarda ce ƙanena ya rubuto mini.

Paiko zuwa Minna

Bas ɗinmu ta tashi ƙarfe shida da kwata, cike da mata masu doya. An yi ruwa da dare, hanya duk ta yi luf, ko kare ba ka gani. Tafiyar kilomita ashirin da 'yan kai ce, amma ta ci mana awa guda. A shingen 'yan sanda wajen Chanchaga aka leƙo aka ce mu wuce. Direba ya ga takardata ya ce, "Malama, asibiti za a je ne?" Na ce kusan haka.

Kpakungu

Ƙarfe takwas saura keke ya sauke ni a bakin wani lungu. Shagon Oga Sunday, mai sayar da kayan kwamfuta na kwance, yana can ƙarshe, bayan wani gini da aka rufe da kwaɗo. Ciki duhu. Allunan kwamfuta matattu jere har rufi, duk inda na juya sai na ga fuskata a cikinsu, baƙi-baƙi. Gaskiya tsigar jikina ta tashi.

"Malama, kai zo da wuri," in ji shi. "Na wasa ne, ko na ofis?"

"Na tsoho ne. Karatu da waya."

"To ba wahala. Kar ka ɓata kuɗi."

Mutumin yana da gaskiya, wannan kam na shaida. Ya soke rabin abin da ƙanena ya rubuta. Ya zaɓa mini akwati ƙarami, ram, wato ƙwaƙwalwar aikin inji, daidai misali, allo mai faɗi saboda idon tsoho, da sifika mai ƙarfi. Ya ba ni ƙaramin faifai sabo, ya ce shi ke sa inji sauri. Saura babban faifan da za a zuba karatu. Sabonsa ya fi ƙarfina, sai ya jawo wani tsoho daga ƙasan tebur, a naɗe cikin leda, ya ce in ba da rabin kuɗi. Na ce daga ina? Ya nuna ginin nan mai kwaɗo da haɓa.

"Mai hoto ne. Ya mutu bara, yara ya sayar da kaya." Bai bari mun haɗa ido ba. "Ka goge shi dai kafin ka yi aiki."

Tudun Fulani

Ƙarfe goma sha ɗaya na isa wurin Malam Ndagi, abokin ƙanena, wanda zai haɗa. Matarsa ta kawo mini masa da miya, na ci ina kallonsa yana ɗaure-ɗaure. Bayan azahar injin ya tashi lafiya. Ya buɗe tsohon faifan don ya goge, sai na ga ya janye hannu.

Fuskoki ne. Ɗaruruwa, sahu-sahu, hoton fasfo, kowa da farin ƙyalle a bayansa, kowa ya zuba mana ido, babu mai murmushi ko ɗaya.

"Yaya," ya ce a hankali, "wannan ai rabin Minna ne."

Kafin ya danna komai aka ɗauke wuta. Muka jira har ƙarfe uku, shiru. Ya rubuta mini yadda zan goge da kaina, ya ɗaure mini kayan a kwali. A bas ɗin komawa na rungume kwalin a cinya, ina jin kamar da jama'a nake tafe.

Gida

Na sauka Paiko biyar saura kwata, na tarar da wuta. Na jona komai a ɗakin Baba, na buɗe faifan ina neman takardar Ndagi a jaka. Sai na ji murya a bayana.

"Audu mai fitila."

Na daskare. Baba ne, ya taso ya tsaya a kaina, yatsansa a kan allo.

"Shi ke ɗaga wa jirgi fitila. Ya rasu. Matsa gaba." Na matsa. "Bitrus direba. Ya rasu. Wannan Hajiya mai ƙosai ce ta bakin tasha. Ta rasu." Muryar ta dushe don rashin amfani, amma tasa ce. Haka ya yi ta kiransu ɗaya bayan ɗaya, ni ina matsawa. Na ji tsoro, na kuma ji daɗi, ban san wanne ya fi ba.

Can sai ga Baba da kansa, da farar hula, hoton da ya ɗauka don takardun fansho. Amma wannan na asali ne, wanda mai hoto bai yanke gefensa ba. Daga hagu wani hannu ya shigo, mai jan lalle da siririn zobe, yana gyara masa wuyan riga.

Baba ya zauna a bakin gado. Ya daɗe yana kallo, sannan ya yi wata 'yar dariya.

"Hajara, sake ni mana," ya ce. "Mai hoto yana jira."

Na ninke takardar Ndagi na mayar jaka. Na fita tsakar gida na yi kukana.

Ina gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, da Oga Sunday, da Malam Ndagi da maiɗakinsa. 'Yan'uwana da ke ta bugo waya kuna tambaya ko Baba ya yi magana: ya yi, kullum ma yana yi, daga hantsi har la'asar. Ina jiyo shi daga ɗakin girki. Har yanzu dai ba da mu yake yi ba.