Tsamiyar Su Lami

Gabas da Babban Mutum akwai wani ɗan ƙauye da Maguzawa suka sare dajinsa tun kaka da kakanni. A can Lami ta yi aure. Mace ce mai ƙarfin noma, gayaunarta kaɗai takan cika rumbu. In damina ta matso ita ke dafa giyar dawa, mijinta Dabo ya yanka jan zakara a gindin tsamiya saboda iskokin gona.

Shekarar da aka yi yunwa, baƙi suka gangaro daga arewa da jakunansu. Dabo ya yanka musu gonaki, Lami ta yi wata biyu tana dama musu kunu. Da za su gina masallaci, har ƙasa Dabo ya ɗebo musu.

Baƙin suka hayayyafa. Maguzawa kuwa wasu suka musulunta, wasu suka yi ƙaura. Lokacin da aka ƙaddamar da Shari'a, gida uku suka rage. Ɗan Lami da Dabo ɗaya tilo ma ya musulunta, ya zama Munzali, ya koma Baure yana dillancin awaki.

Wata safiya samarin ƙauyen suka shigo gidan su Lami, suka farfasa tulunan giya. Lami ta gane jagoransu.

"Maliki, ba kai ne jikan Hasana ba? Ni na karɓi haihuwar uwarka."

Ya sunkuyar da kai. "Iya, doka ce ta zo."

"Ta zo ta tarar da mu, kamar yadda kuka tarar da mu."

Bayan kwana uku suka sare tsamiyar. Tun daga ranar Dabo bai sake fita gona ba. Kafin a shiga kaka, ya mutu.

Aka ce ba za a sa shi a maƙabartar gari ba. Munzali ya zo, ya tsaya a ƙofar gida yana kuka, amma ya kasa shiga. Lami da wasu tsofaffi biyu suka haƙa kabarin a bayan rumbu. Ƙasar ta yi tauri, sai la'asar suka gama.

Munzali ya ɗauke ta zuwa Baure. Yana kula da ita, bai taɓa barin ta da yunwa ba. Sai dai matarsa ta ware mata kwano daban, jikokinta kuma ba sa cin abin da ta dafa. Shekara huɗu ta yi a ɗakin bayan gida tana kaɗin auduga, kafin ciwon ƙirji ya tafi da ita.